Tambayar da kakannin ɗalibai suka amsa

Ina karatun digiri na biyu a Tehran malamarmu ta saka ni cikin aikin gwada wata takardar tambayoyi kan lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna CAPE a harshen Farisanci. Daga Maastricht ta ƙasar Holan takardar ta fito. Tambayoyi 42 ne da ke auna abubuwa masu kama da taɓin hankali a wurin masu lafiya: 20 kan irin su jin murya alhali ba kowa ko zargin ana ƙulla maka sharri, 14 kan mutuwar jiki da janyewa daga mutane, 8 kan ƙuncin zuciya.

Fassara ba ta wahalar da mu ba. Mutum biyu suka juya ta zuwa Farisanci, wani da bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ita Turanci, muka kwatanta, komai ya zauna. Da haka na ɗauka aiki ya ƙare.

Sai ranar da na zauna da wata ɗaliba a ɗakin cin abinci, ƙwayar sukari a bakinta tana kurɓar shayi, na roƙe ta ta riƙa faɗin abin da ke ranta tana cikawa. Da ta iso tambayar yarda da sihiri, ta zaɓi "kusan kullum" ba tare da jinkiri ba. Ta ce kakarta takan turara esfand, wasu 'ya'yan tsiro da ake ƙonawa a Iran, duk sanda baƙo ya yabi yaro, saboda kambun baka. Nan take na tuna layar da tawa kakar ta rataya mana a wuya. Tambayar ko mutane na yi maka magana mai harshen damo ita ma haka ta kasance, don a ƙasar da ake ta'arof, wato al'adar kara ta Iraniyawa, inda mai shago zai ce kada ka biya alhali yana jiran kuɗinsa, kowa zai ce e.

Abin da ya cece mu shi ne layi na biyu da ke ƙarƙashin kowace tambaya a takardar, mai tambayar yadda abin ke damun mutum. Wannan ɗaliba ta ce ko kaɗan. Wani saurayi kuwa da ke jin ana kiran sunansa da dare ya zaɓi mafi tsanani, hannunsa na rawa. Ban sa lambar wayar ɗakin ba da shawara na jami'a a ƙasan takardar ba, kuma har yau abin yana cina. Na rubuta masa ita a bayan tikitin abincina, washegari muka sake buga takardun da lambar a jiki.