Abin da injin kwashe dusar ƙanƙara ya koya mini game da neman matsala

A shagon gyaran ƙananan injuna da nake aiki a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, inda sanyi kan sauka ƙasa da digiri 30 a ƙarƙashin sifili a watan Janairu, ƙorafi biyu ne suka fi yawa game da injin kwashe dusar ƙanƙara: ko dai injin yana aiki amma tayu sun ƙi tafiya, ko kuwa yana tafiya amma yana karkata gefe guda.

Darasin da ya fi zauna mini a rai shi ne cewa bai kamata makanike ya ɗauki sifana ba sai ya fahimci hanyar da ƙarfi yake bi daga inji zuwa taya. A yawancin waɗannan injuna, bel ne yake juya wani faifan ƙarfe, sannan wata ƙaramar ƙafa mai baki na roba ta dafe a kan faifan. Idan ƙafar ta matsa zuwa bakin faifan sai gudu ya ƙaru, idan kuma ta tsallake tsakiyarsa zuwa ɗaya ɓangaren sai injin ya yi ribas. Wanda ya gane wannan ya san cewa ƙin tafiya ba kasafai yake nufin wani babban abu ya karye ba. Sau da yawa wayar da take haɗa libar da ake dannawa don injin ya yi tafiya da faifan ce ta saki, ko robar ta cinye, ko kuma ruwan ƙanƙarar da ta narke ya jiƙa faifan. Abin da ya fi damuna shi ne injin da mai shi ya lafta wa giris da kyakkyawar niyya, alhali sandar da ƙafar take zamewa a kai ɗan shafe kawai take buƙata, domin ɗigo ɗaya a kan faifan ya isa ya sa roba ta riƙa sulɓewa.

Game da karkata kuwa, na koyi fara duba iskar taya kafin komai, saboda sanyi yana rage ta, kuma bambanci kaɗan tsakanin hagu da dama yana janye injin. Bayan haka sai takalman ƙarfe guda biyu da suke riƙe bakin injin daga ƙasa, waɗanda dole ne tsayinsu ya daidaita, sai kuma ƙusar da take kulle kowace taya da sandarta, domin idan aka sa ta a ramin da ba nata ba, taya ɗaya ce kawai za ta ja. Injunan da suke da 'yan kunamu, wato ƙananan libobi da ake ja da yatsa, a ƙarƙashin mariƙi suna juyawa ne ta hanyar sakin taya ɗaya, kuma tsatsa ko daskararren ruwa kan hana haƙorin ƙarfen da yake sake kulle tayar komawa mazauninsa. Shi ya sa nakan bar injin ya kwana a wuri mai ɗumi kafin in yanke hukunci a kansa, domin wani lokaci ƙanƙarar tana narkewa matsalar take tafiya.

Akwai abin da ba na sassautawa a kansa, wato cire wayar fulogi da zuƙe fetur kafin a kifa injin a kan bakinsa don buɗe murfin ƙasa. Nakan nanata wa duk mai injin da ya zo karɓa cewa kada ya taɓa sa hannu a bututun da ke watso dusar ƙanƙara idan ya toshe, ko da injin a kashe yake, domin fankar da ke ciki tana iya zabura da zarar an saki abin da ya riƙe ta.