Kwana biyar a tantin masu kuɗi a Masai Mara

Tun farko bari in faɗi gaskiya, ba ni na so tafiyar nan ba, uwargida ce. Shekara kusan uku tana min mita, kullum ta ga hoton raƙumin dawa a Instagram sai ta miƙo min waya, ni kuma amsata ɗaya ce, dabba ai mun gani a Yankari, har wanka mun yi a ruwan ɗumin Wikki, me kuma ya rage. To da aurenmu ya cika shekara goma dai babu yadda na iya, muka fasa asusu muka nufi gandun namun dajin Masai Mara da ke Kenya a watan Agusta.

Daga Legas zuwa Nairobi wajen awa biyar ne a jirgi, agogonsu kuma yana gaban namu da awa biyu. Kuskuren farko tun a gida muka tafka shi. Ba a babban filin jirgi ake hawa jirgin dajin ba, akwai wani ƙaramin fili da ake kira Wilson, jiragensa ƙanana ne irin masu ɗaukar mutum goma sha wani abu, kuma kilo 15 kacal aka yarda ka ɗauka, shi ma a jaka mai laushi, ba akwati mai taya ba. Mu kuwa mun taho da akwatuna biyu kamar masu kai lefe. Dole muka sayi jakunkuna a gari, muka tsame abin da ya zama dole, sauran muka bari ajiya a otal. Hajiya ta bar takalma ƙafa huɗu tana harara ta kamar ni na kafa dokar. Haka ma ledoji, kar ka sake ka cika jaka da su, tun 2017 Kenya ta haramta leda.

Tafiyar ba ta cika awa ɗaya ba, sai ga mu muna sauka a kan wani fili na tsakuwa da jar ƙasa, babu gini babu komai, jakunan dawa na kiwo a gefe abinsu. Mai son ya rage kashe kuɗi yana iya bin mota ta garin Narok, awa biyar zuwa shida.

Mun raba kwanakin biyu. Kwana biyu a wani babban masauki da ke cikin gandun gwamnati, kwana uku a wani ƙaramin sansani mai tanti ƙasa da goma a wajen gandun. Ba zan kama sunan ko ɗaya ba. Amma kafin nan ga abin da ya kusa sa ni hawan jini: farashin da ake rubutawa a intanet na mutum ɗaya ne a dare ɗaya, ba na ɗaki ba. Ni na yi lissafina na gama a kan ɗaki, har ina cewa ai abin da sauƙi, sai da takardar biya ta zo na ga komai ya ninka biyu. Sannan kuɗin shiga gandun daban ne, a lokacin cunkoso daga Yuli zuwa Disamba dala 200 ne kan kowane baƙo babba a rana, daga Janairu zuwa Yuni dala 100. Ka buga wannan da canjin naira ka ji yadda cikinka zai yi. Wasu masaukan sun haɗa shi a farashinsu wasu ba su haɗa ba, ka tambaya a rubuce.

Babban masaukin ba laifi, wallahi ya haɗu. Wurin ninƙaya, gado mai rumfa da gidan sauro fari tas, abinci a jere ka ɗiba da kanka har ka gaji. Amma otal ne kawai da aka ɗauko aka dasa a daji, mutane sun fi ɗari, da asuba motoci su yi layi a bakin ƙofa kamar tashar Unguwa Uku. Ranar farko aka yi kira a rediyon mota cewa an ga damisa a kan bishiya, kafin mu isa motocin da na ƙirga sun haura ashirin, kowa na leƙe ta saman rufi, ni dai jelarta kawai na gani tana lilo. Kuma a cikin gandun ba a fita da dare, magariba na yi kowa ya koma gida.

Dalilin zuwa a Agusta shi ne ƙaurar dabbobin nan da Sawahili ke kira nyumbu, wasu halittu ne kamar an haɗa sa da akuya, ga gemu ga ƙaho, gaba ya fi baya tsayi. Sun fi miliyan ɗaya, suna bin ciyawa daga Serengeti ta Tanzaniya su shigo Mara wajen Yuli su kai har Oktoba, kuma sai sun tsallake kogin Mara inda kadoji ke kwance suna jira. Abin da bidiyo ba ya nuna maka shi ne zaman jira. Awa uku da rabi muka yi a bakin kogi, su taru su taru har bakin gaɓa, ɗaya ya leƙa ruwa ya ja da baya, shi ke nan duka garken ya watse. Na ci biskit ɗin motar kaf. Na fara gyangyaɗi ke nan wani ƙarami ya faɗa ruwa, sai ƙura ta tashi, sai gurnani ta ko'ina kamar kwaɗi dubu a damina, suna faɗawa a kan juna. Ba a yi minti ashirin ba aka gama. Wani ɗan maraƙi ya tsallake shi kaɗai ya tsaya a wancan gefen yana kuka yana waige, Hajiya ta ce ita ba za ta iya kallo ba, amma ba ta sauke madubin hangen nesan ba.

Sai muka koma ƙaramin sansanin, a nan ne na gane inda kuɗin yake tafiya. A kewayen gandun akwai filayen Masai, ƙabilar makiyayan yankin, da aka haɗe aka bayar haya don dabbobi, irin su Naboisho da Olare Motorogi da Mara North, masu filin ana biyan su kuɗin haya, su kuma masu sansani an ƙayyade musu yawan gadaje da yawan motocin da za su taru a kan dabba ɗaya. Shi ya sa tsadar. A can muka zauna da zakanya uku da 'ya'yansu kusan awa guda, mu da wata mota ɗaya tak, har ƙarar lasar da uwar ke yi wa ɗanta ina ji.

Tantin kuma sunan tanti ne kawai. Dandamalin katako, gadon da ya fi na gidana, banɗaki mai ruwan zafi, baranda tana kallon rafi. Amma bangon dai tamfol ne, kuma sansanin babu katanga babu waya. Dokar farko da aka karanta mana, bayan duhu ba ka fita kai kaɗai, sai ka haska tocila ko ka yi magana a 'yar rediyon da aka ba ka, wani Bamasaye mai gadi, askari suke ce musu, ya zo da mashi da fitila ya raka ka cin abinci. Na ɗauka duk burga ce ta a burge Turawa. Daren farko wajen ƙarfe biyu na ji wani abu yana fizgar ciyawa dab da kaina, fuu fuu yana huci, tsakanina da shi bai fi kamu uku ba. Babu addu'ar da ban karanto ba. Hajiya ta raɗa min, Alhaji kai ne fa ka ce dabba duk dabba ce. Da safe askari ya nuna min sawu, dorina ce ta fito kiwo, ya ce kusan kullum nan take bi.

A daren ne kuma na yi abin kunya. Na shiga bargo ƙafata ta taɓa wani abu mai ɗumi mai gashi-gashi, na daka tsalle sai da na kusa ture fitila. Ashe robar ruwan zafi ce suke sakawa cikin rigar ulu don ɗumama gado. Kuma tana da amfani, domin wurin tudu ne, ya haura mita 1,500, sanyin asubarsa a buɗaɗɗiyar mota ya tuna min Jos a tsakiyar hunturu. Ni da na ɗauko shaddoji marasa nauyi wai za ni Afirka ta gabas, ƙarshe da jan mayafin Masai na naɗe kaina har muka dawo.

Abin da ya shafe mu Musulmi, wanda babu wakilin tafiya da ya faɗa min. Na ɗaya buta. Duk ƙawar banɗakin nan takarda ce kawai a ciki, sai da gorar ruwa muka yi ta fama, yanzu ko ina za ni 'yar ƙaramar butar roba na cikin jaka. Na biyu alƙibla, mu a Kano mun saba fuskantar gabas, a can kuwa kusan arewa sak ake kallo, da ban duba waya ba da na yi ta sallah ina kallon tekun Indiya. Na uku abinci. Ka rubuta musu tun kafin ka zo cewa ba alade ba giya, har wadda ake zubawa a miya ko kayan zaƙi, kuma ka tambayi inda suke sayen nama. A ƙaramin sansanin kukun da kansa ya fito ya zauna da mu, a babban kuwa kifi da kayan lambu muka fi ci don hankalinmu ya kwanta. Abin da ya ɗan ci min rai shi ne tsarin nan na an haɗa komai a kuɗi ɗaya, cikin komai ɗin har da giya, wato ka biya kuɗin abin da ba za ka sha ba. Kullum da yamma sai a tsaya a wani tudu a shimfiɗa tebur a kalli faɗuwar rana, sauran baƙi suna shan giyarsu, mu muna shan shayi mai citta da ruwan mangwaro, in rana ta faɗi in shimfiɗa darduma a gefen mota direba na tsaye yana duba min daji. Wannan magaribar ba na jin zan manta ta. Amma da na sani da na nemi ragi tun a wajen ciniki.

In za a ce in zaɓi abu ɗaya da ya cancanci kuɗin, direbanmu na ƙaramin sansanin ne. Ɗan yankin ne, ya yi kiwon shanun babansa a filin da muke yawo a kai, hirarsa ta shanu sak ta Bafulatanin ruga, har ya tambaye ni ko gaskiya ne shanunmu farare ne masu dogon ƙaho na nuna masa hoto ya yi ta jinjina kai. Wata safiya ya kashe mota haka kawai ya ce mu yi shiru. Ni ban ga komai ba. Ya ce ku dubi barewar can, duk sun daina kiwo sun juya wuri ɗaya, ga gwaggon biri yana haushi a kan bishiya. Muka zagaya a hankali, sai ga damisa tana tafe cikin ciyawa, ta wuce ta gaban tayarmu ko kallo ba mu ishe ta ba. Babu rediyo, babu wata mota. A babban masauki kuwa direbanmu mutumin kirki ne amma rediyo yake bi, inda aka ce nan za shi. A ƙaramin sansanin da dare ma an fita da mu da jar fitila, muka ga kuraye a bakin raminsu, 'ya'yan baƙaƙe kamar 'yan kwikwiyo, duk tatsuniyoyin kura da na sha a yarinta ban taɓa tunanin tana da ɗa mai ban sha'awa haka ba.

Ƙananan abubuwa: wuta ta sola ce, don haka na'urar busar da gashi ba ta aiki a tanti. Intanet sai a tantin zama. Suna wanki kyauta amma ban da kamfai da ɗan tofi, wannan kai za ka wanke abinka. Ka dinga zuge zif ɗin tanti har ƙasa, mun bari sau ɗaya biri ya shiga ya yi gaba da ledar dabinon Hajiya, ledar takarda ce kafin wani ya ce mun karya doka. Sannan ka ware kuɗin ihsani, na direba a hannunsa, na sauran ma'aikata akwai akwatin da ake sakawa, kuma ka riƙo sababbin takardun dala don tsofaffi ba kowa ke karɓa ba. Balan-balan ɗin nan da ake hawa da asuba a kalli dabbobi daga sama ba mu hau ba, da na ji kuɗin mutum ɗaya na ce daga ƙasa ma ana gani.

Da zan sake, ba zan raba kwanakin haka ba, kwana ɗaya ya isa a cikin gandun saboda kogi, sauran duka a ƙaramin sansani, ko da tantin bai kai wancan ƙawa ba, bahon wankan da aka yi ta tallata mana sau ɗaya na shiga, ƙarfe shida mun fita, mu dawo a gajiye. Karkanda ce kawai ba mu gani ba cikin manyan biyar ɗin da ake lissafawa, zaki, damisa, giwa, ɓauna duk mun gani. Hajiya ta riƙe wannan, tun a jirgin dawowa ta fara cewa ai tafiya ba ta cika ba, yanzu hotunan karkanda take turo min a WhatsApp ina ofis.