Ƙafa da jirgin ruwa a gonakin inabin Lavaux

Mafi yawan mutanenmu da ke zuwa Jeniba, a ƙasar Siwizalan, taro ne yake kai su. Daga otal sai zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, daga zaure sai otal. In an samu sarari a tsaya bakin ruwa a ɗauki hoto gaban famfon nan da ke feshi sama har mita 140, a sayi cakulan na tsaraba, sai filin jirgi. Ni ma haka na shirya yi, ba don wani abokina ɗan Damagaram da ya daɗe yana aiki a Lausanne ya matsa mini ba. Ya ce, "Malam, wutsiyar tafki kawai ka gani. Zo in kai ka Lavaux." Da na ji ya ce yankin giyar inabi ne, na ce to me zai kai ni? Ya yi dariya ya ce ba sha zai kai ni ba, kallon gona ne.

Gaskiyarsa game da wutsiya. Tafkin da mutanen wurin ke kira Leman ya haura kilomita 70 a tsawo, inda ya fi zurfi kuma ya kai mita 310. Kogin Rhône ne ke zubowa cikinsa daga gabas, ya fita ta Jeniba ya nufi Faransa, kuma a Jeniba ɗin tafkin ya tsuke. Sai jirgin ƙasa ya kusa Lausanne, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, za ka ga ruwa ya buɗe, duwatsun Faransa sun miƙe a ɗaya gaɓar. Iyakar ƙasashen biyu ta ratsa tsakiyar ruwan. Garin Evian, wanda ruwan kwalbarsa ya yi suna, inda kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin Aljeriya a 1962, yana can tsallake, ana hango shi daga Lausanne.

Ba mu daɗe a Lausanne ba. Gari ne na hawa da gangara, hedkwatar hukumar wasannin Olamfik tun 1915, gidan tarihin wasannin kuma yana bakin ruwa a unguwar Ouchy. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai gadin hasumiyar babbar majami'ar garin, wanda har yau yake fitowa daga ƙarfe goma na dare zuwa biyu, yana shelar kowace awa da baki. Asalin aikin don hango gobara ne. Yanzu kowa da waya a aljihu, amma garin bai sallame shi ba.

Da safe muka hau ƙaramin jirgin ƙasan da ke bin gaɓar tafki, muka sauka a Cully, muka kama hawa. Ƙarshen Satumba ne, lokacin tsinkar inabi.

Lavaux gangaren dutse ne da ya faɗo kai tsaye cikin ruwa, tsakanin Lausanne da Montreux, tsawon kusan kilomita 30. A wasu wuraren tsayuwa ma da ƙyar mutum zai yi, balle noma. Abin da aka yi shi ne gina katangun dutse jere bisa jere, a cika bayan kowace katanga da ƙasa, a dasa inabi. Sufayen Kirista ne suka fara aikin tun wajen ƙarni na 11 da na 12, manoma suka gada, suka yi ta ƙarawa har ya kai hekta 830 ko kusa da haka. A 2007 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya. Duk wanda ya taɓa hawa Sukur a jihar Adamawa, ya ga yadda mutanen dutse suka tare ƙasa da jeren duwatsu don su samu inda za su shuka dawa, zai gane dabarar nan take. Sukur ma ta riga Lavaux shiga wannan jerin, tun 1999. Bambancin shi ne a nan akwai hanyar siminti da alamomi da benci, kuɗi kuma yana shigowa.

Mutanen wurin suna cewa inabinsu rana uku yake sha: ta sama, da wadda ruwan tafki ke maidowa, da zafin da katangu suka tara da yini suke saki da dare. Na ɗauka zancen talla ne, sai da na dafa wata katanga bayan la'asar na ji ɗuminta a tafin hannu. Ta biyun kuwa idona ne ya shaida. Kada ka je ba hula ko tabarau.

Hanyar ta bi ta ƙauyen Riex, ta wuce Epesses, ƙauyuka masu lunguna matsattsu da gidaje manne da juna, don kada a ɓarnatar da ƙasar noma. Kusan kowane gida da ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake matse inabi, ƙamshin matsar kuma ya cika lungu. Daga Epesses zuwa Rivaz ne gangaren ya fi tsanani, yankin da ake kira Dézaley. Nan ne na fi daɗewa. Mota ba ta shiga gonakin, tarakta ba ta shiga. Masu tsinka suna tsugune da almakashi suna cika akwatunan roba, wasu na goya su a baya suna hawa matakalar dutse da ba ta wuce faɗin ƙafa biyu ba. A wasu gonaki an kafa siririn dogo mai layi ɗaya, da ɗan inji da ke jan akwatuna zuwa hanya. Abokina ya ce akwai inda jirgi mai saukar ungulu ke kwashe kaya. Yawancin masu tsinkar ba 'yan ƙauyen ba ne, 'yan ci-rani ne na makonnin kaka, ina jin harsuna iri-iri tsakanin layuka.

Wani dattijo mai gona ya gan mu muna leƙe, ya kira mu. Abokina ne tafinta, Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Ya nuna mana inda katanga ta kumbura, ya ce in ba a gyara ta kafin sanyi ba, ruwan da ya daskare a bayanta zai turo ta, ta faɗa gonar maƙwabci. Ya ce ruwan sama yana wanke ƙasa zuwa gindin gona, a dā da kwando a baya ake mai da ita sama. Babban abin tsoronsa ƙanƙara ce, wadda kan zubo cikin 'yan mintoci ta farfasa aikin shekara. Ya tsinko mana nonon inabi guda. Chasselas ake kiran irin, fari ne mai ɗan ruwan zuma, fatarsa siririya, zaƙinsa ba ya gundura. Shi ne mafi yawan abin da ake nomawa a Lavaux, kuma kusan duk giyar da ake yi da shi a cikin Siwizalan ake shanye ta, kaɗan ƙwarai ke fita waje.

Sai ya ɗauko kwalba da ƙananan kofuna. Abokina ya gaya masa mu Musulmi ne. Bai ko ɗaga gira ba, ya mai da kwalbar, ya shiga ciki ya fito da ruwan inabin da aka matse da safen nan, mai duhu-duhu, mai sanyi. Ban taɓa shan lemon da ya kai shi ba. Sai dai a kula: irin wannan ɗanyen ruwa ba ya jimawa yake fara tsami ya juya, don haka a tambaya na yaushe ne. In ana kokwanto, akwai na kwalba da aka dafa, ana sayar da shi a shagunan ƙauyukan. Ruwan sha kuwa ba sai an saya ba, kowane ƙauye da famfonsa mai zuba dare da rana, in ba a rubuta gargaɗi a jikinsa ba ana sha.

Na yi ta tambayar kaina yadda aka yi fili irin wannan, mai kallon tafki, kusa da manyan garuruwa biyu, bai koma gidajen attajirai ba. Ashe saura kaɗan. Wani ɗan jarida mai fafutukar kare muhalli, Franz Weber, shi ya ja ragamar yaƙin hana gine-gine, har aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1977, mutanen jihar Vaud, inda Lavaux take, suka amince a sa kariyar Lavaux cikin kundin tsarin mulkinsu. Ba kowane manomi ne yake yabon dokar ba, don ta ɗaure masu hannu wajen faɗaɗa gida ko rumbu. Amma in ba ita ba, da babu abin da zan zo kallo.

A Saint-Saphorin ƙafafuna suka ce sun gaji, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Muka leƙa tsohuwar majami'ar ƙauyen, wadda aka gina a kan kufan ginin Rumawa, sannan muka hau jirgi zuwa Vevey.

Vevey gari ne da duk Bahaushe ya san kayansa ko da bai taɓa jin sunansa ba. Nan ne hedkwatar Nestlé, masu Maggi da Milo da Nido. Henri Nestlé, mai haɗa magunguna da ya zo daga Jamus, a nan ya fito da garin kunun jarirai a 1867, maƙwabcinsa Daniel Peter kuma ya haɗa madara da cakulan a 1875. Gaban gidan tarihin abinci na kamfanin an kafa wani cokali mai yatsu, tsawonsa mita 8, tsaye cikin ruwa, ga mutum-mutumin ɗan wasan barkwancin fim Charlie Chaplin a gefe, wanda ya ƙare rayuwarsa a wani ƙauye saman garin a 1977. Babban dandalin kasuwa, wanda ke ci Talata da Asabar, shi ne inda ake bikin manoman inabi. Ba bikin shekara-shekara ba ne: an yi a 1977, aka yi a 1999, aka yi a 2019. Mutum mai tsawon rai sai ya ga huɗu ko biyar.

A nan muka ci abinci, kuma a nan ne Musulmi zai buɗe ido. Narkakken cukun nan da ake tsoma burodi ciki, fondue, da farar giya ake dafa shi. Sanannen abincin jihar Vaud kuma da naman alade yake zuwa. Mu kifi muka ci, ƙananan yanka da aka soya da man shanu, da soyayyen dankali, bayan mun roƙi a bar mana shi ba miya, don miyar ma wani lokaci da giya a ciki. Kuɗin da aka caje mu ba zan faɗa ba, kada a ce na yi almubazzaranci. Wanda ke lissafi ya sayi burodi da cuku da 'ya'yan itace a kanti, ya tuna cewa ranar Lahadi kantuna a rufe suke, sai na manyan tashoshin jirgi.

Kashegari muka shiga jirgin ruwa. Kamfanin jiragen tafkin har yanzu yana aiki da tsofaffin jirage masu tururi, wasu an ƙera su tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da manyan ƙafafun tuƙi a gefe biyu. An bar tsakiyar jirgin a buɗe, kana tsaye kana kallon sandunan ƙarfe suna kai da komo, ma'aikaci na bin su da gwangwanin mai. Daga ruwa ne ake ganin Lavaux gaba ɗayanta, katanga kan katanga tun daga gaɓa har gindin daji.

Montreux ba ta burge ni ba. Otal-otal ne da furanni da masu yawon buɗe ido, sai bikin kiɗan da aka fara a 1967, wanda ake yi a watan Yuli. Muka wuce Chillon, gidan sarautar da aka gina kan wani dutse cikin ruwa, daidai inda tsauni ya matse hanya. Sarakunan Savoy ne suka riƙe shi, suna karɓar kuɗin fito daga fataken da ke zuwa da dawowa daga Italiya, har mayaƙan birnin Bern suka ƙwace shi a 1536. Ta gefen tafki tagogi ne da zaurukan baƙi, ta gefen hanya hasumiyoyi ne da kafofin harbi. A ƙasa akwai kurkuku da aka sassaƙa cikin dutsen, inda aka tsare wani malamin coci ɗan Jeniba, François Bonivard, daga 1532 har zuwan mutanen Bern, ana nuna ginshiƙin da aka ce a jikinsa aka ɗaure shi. Sanyin wurin ya kore ni da wuri. Da muka fito abokina ya nuna mini dutsen da ke tsallaken titi, ya ce a cikinsa sojojin Siwizalan suka haƙa sansanin ɓoye lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don tsare wannan mashigar dai. Yanzu shi ma gidan kallo ne, da kuɗin shigarsa daban.

Wanda yini ɗaya kawai gare shi, ya bar Montreux da gidajen tarihi, ya sa takalmi mai riƙe ƙasa. Ya hau ɗan jirgin ƙasan da ke tashi daga Vevey zuwa Chexbres, can saman gonakin, ya gangaro da ƙafa zuwa Rivaz ko Cully, kada ya yi ta hawa daga ƙasa. Ya duba jadawalin jiragen ruwa kafin ya fito, don da kaka ta wuce ana rage su sosai.