Ranar da kayan Alhaji suka gangara ƙasan shafi

Ranar da na fi jin kunya a wannan sana'a ta gina shafukan intanet, a wani kafen intanet ne kan titin Ahmadu Bello, cikin Afrilun 2008, lokacin nan da zafin Sakkwato ke sa fanka ta riƙa feso wa mutum iska kamar daga bakin tanda. Na sayi tikitin awa ɗaya, na jawo wa Alhaji kujera, ɗansa na tsaye a bayanmu. Na buga adireshin shafinsa ina murmushi, don kusan mako biyu na yi ina sake gina shi daga tushe. Shafi ya buɗe. Jerin mahaɗai na gefen hagu yana nan inda na ajiye shi, amma gefen dama wayam, fari fat. Hotunan jakunkuna da takalma da matasan fata duk sun gangara can ƙasa, sai an ja shafin sosai kafin a gan su. Tambarin shagon kuma, wanda na cire wa bango don ya kwanta a kan launin shafin, ya fito cikin wani akwati ruwan toka.

Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, ina kayan suka tahi?"

Na ce, "Suna nan ƙasa, Alhaji."

Ya ce, "To wa ya ce su sauka?"

Alhaji abokin mahaifina ne, ya tsufa cikin sana'ar fata, musamman ta jar akuyar nan tamu da ta yi suna har ƙetare. Yana da masu saye a Kano da Legas da Yamai, da wasu Turawa biyu-uku da ke aiko masa da saƙo. Shekara guda kafin wannan rana na yi masa shafi, lokacin ina ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma na yi shi ne yadda na koya a hannun wani da ya riga ni: da tebur.

Wanda bai ga zamanin ba zai yi mamakin yadda muke aikin. Shi tebur a HTML, yaren da ake rubuta shafukan intanet da shi, an yi shi ne don jera bayanai, layi-layi da gida-gida, kamar takardar sakamakon jarrabawa. Tun da Netscape, wata burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ta shigo da shi a 1995 masu zane suka gano cewa in ka mayar da kaurin layukansa sifili, ya zama ɓoyayyen ƙarfen gini: ka sa tambari a gidan sama, mahaɗai a gidan hagu, rubutu a na dama, ba wanda ke ganin layukan. In kana son raba wani gidan, sai ka dasa wani tebur a cikinsa. Shafin Alhaji na farko tebur huɗu ne, wani cikin wani, akurki cikin akurki. Na zana fuskar shafin a Photoshop, na yayyanka ta gunduwa goma sha huɗu, na cusa kowace a gidanta. Inda nake son tazara kuma sai na sa wani ɗan hoton GIF marar launi, mai fiksel ɗaya tsawo ɗaya faɗi, na miƙar da shi ya tokare wurin. Dabara ce irin ta mai tokare ƙofa da dutse, amma fa tana aiki. A kowace kwamfuta na buɗe shafin nan, a kowane kafe daga Mabera har Runjin Sambo, kamarsa ɗaya.

Wahalarsa daga baya ta fito. Shafuka goma sha takwas ne, kowanne ɗauke da nasa teburan da nasa umarnin launi da girman rubutu. Da Alhaji ya ce a ƙara sashen layu da kube, sai da na buɗe fayil goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya. A na goma sha ɗaya na mance rufe gida guda, shafin ya karkace, na kwana ina ƙirga tr da td, alamomin layi da gida na tebur, har janaretan maƙwabta ya mutu. Ga kuma nauyi. Burauzar Internet Explorer takan jira ta samu abin da ke cikin babban tebur kafin ta nuna shi, to a layin kafe na wancan lokaci mutum yakan zauna yana kallon farin allo, lokacin tikitinsa na tafiya.

Ana cikin haka na ci karo da wani shafi mai suna CSS Zen Garden, wanda Dave Shea ya buɗe a 2003. HTML ɗaya ne tak, ba a taɓa masa ko harafi, amma kowane mai zane ya kawo fayil ɗinsa na CSS, wato umarnin launi da tsarin shafi da ake warewa gefe, sai shafin ya koma wani abu dabam. Na yi ta latsawa har mai kafe ya taɓa kafaɗata. Ashe abin ba ma sabo ba ne: Håkon Wium Lie ya kawo shawarar CSS tun 1994, W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da CSS1 a Disamban 1996, CSS2 a 1998. Mu ne muka makara, kuma burauzoji ma sun daɗe ba su bi ƙa'idar yadda ya kamata ba. Na koma gida da zafin sabon tuba. Tebur ya zama mini abin kunya. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya biya ni, na rushe shafin da ke aiki lafiya na sake shi da div, wato akwatunan zuba kaya a shafi, da float, umarnin CSS da ke tura akwati hagu ko dama.

Laifin da na yi guda ɗaya ne, kuma nawa ne ni kaɗai: a burauzar Firefox kawai na gwada, a kan laftof ɗina. Kwamfutocin kafe kuwa duk Windows XP ne, da Internet Explorer 6 da ta zo tare da shi tun 2001. Ta 7 ta fito a Oktoban 2006, amma mai kafe da ke fama da kuɗin man janareta ba ta sabunta burauza yake yi ba. In dai Yahoo na buɗewa, magana ta ƙare.

Sai da na sayi tikitin kwana a daren nan na gane lissafin. Faɗin shafin fiksel 760 na ba shi, don ya shiga allon 800 da 600 da ke ko'ina a lokacin. Gefen hagu: tazara 20, jiki 180. Gefen dama: tazara 10, jiki 550. Ka haɗa, 760 cif, ko allura ba za ta shiga ba. To Internet Explorer 6 tana da wani sanannen aibi: in ka sa wa akwati float zuwa hagu, kuma yana da tazara ta hagu da ta taɓa bangon akwatin da ke ɗauke da shi, sai ta ninka tazarar. Ashirin ɗina ta koma arba'in, jimla ta zama 780, wuri bai isa ba. Shi kuwa float in bai samu wuri ba ba ya matsewa, sauka yake yi ƙasa. Da tebur ne, da ya ɗan buɗa ya haɗiye ƙarin, ba wanda zai lura. Maganin, da na same shi wajen ƙarfe uku na dare, kalmomi biyu ne: display: inline a kan akwatin hagu. A ƙa'ida ba su da wani tasiri a kan abin da aka yi wa float, sauran burauzoji ba sa ko kula su, amma ita suna warkar da ita. Na yi dariya ni kaɗai har wanda ke kusa da ni ya ɗago kai.

Tambarin kuma, burauzar ce ba ta iya nuna shara-sharan hoton PNG daidai ba, shi ya sa ta cike bayansa da toka. Akwai dabarun kewaye matsalar, amma ban tsaya ba, na mayar da shi GIF. Na kuma koyi duba layin farko na kowane fayil. In babu DOCTYPE, layin da ke faɗa wa burauza irin HTML ɗin shafin, ko wani abu ya riga shi, Internet Explorer 6 takan koma tsohon lissafinta inda faɗin akwati ya haɗa da cikon ciki da kaurin bango, sai ma'auninka duk ya tashi. Daga baya na ware mata ƙaramin fayil nata na CSS, na ɓoye shi cikin irin sharhin nan mai sharaɗi da ita kaɗai ke karantawa. Kamar tukunyar marar lafiya ce, a dafa wa gida nasu, a dafa mata nata.

A daren na yi niyyar komawa tebur, wallahi. Abin da ya tsayar da ni haruffanmu ne. Alhaji ya nace a sa sashen Hausa, kuma ni ban yarda in rubuta k ɗin "kyau" da ƙ ɗin "ƙarfi" iri ɗaya ba. A kwamfutocin kafe, ƙ da ɗ da ɓ duk ƙananan akwatuna suke fitowa, domin salon rubutun Arial na wancan XP ba shi da su, ita kuma burauzar ba ta ƙware wajen aro harafi daga wani salon rubutu ba. Lucida Sans Unicode yana da su, kuma yana cikin Windows ɗin. A tsohon shafi, sauya salon rubutu na nufin bin ɗaruruwan umarnin font gida-gida. A sabo, layi ɗaya na gyara a fayil ɗaya, na sake buɗewa, "ɗinki" da "ƙira" da "ɓawo" suka miƙe a shafuka goma sha takwas lokaci guda. Daga nan ban sake tunanin komawa ba.

Amma zafin sabon tuba ya sa na yi wata wautar. Jerin farashin Alhaji, suna da girma da launi da kuɗi, shi ma na fasa teburinsa na mayar da shi tarin div, don kada a ce akwai tebur a aikina. Sunan kaya ɗaya ya yi tsawo ya karye layi biyu, sai kuɗin jaka ya koma gaban takalmi. Ɗan Alhaji ne ya kira ni: "Yaya, wani daga Kano yana rigima wai ya ga jaka a kuɗin silifa." Na mayar da shi tebur na gaskiya, da kanun ginshiƙai da komai. Wannan ai shi ne aikin da aka halitta shi dominsa, ni ne na ɗauki karatu ya fi ƙarfin kaina. Har manhajar da ke karanta wa makafi allo ta fi gane farashi in yana cikin tebur mai kanu, kamar yadda take rikicewa in duk shafin tebur ne na ado.

Abin da ya yanke gardamar gaba ɗaya bai zo daga kwamfuta ba. Cikin shekara biyu zuwa uku, yawancin masu duba shafin Alhaji sun daina zuwa kafe, sun koma Nokia da burauzar waya ta Opera Mini. Ita wannan ba kai tsaye take ɗauko shafi ba, sai ya bi ta na'urorin kamfanin Opera sun matse shi, sannan a turo wa waya, kuma tana iya jera komai a ginshiƙi ɗaya don ƙaramin allo. Ina da kwafin tsohon shafin, na ɗora shi don gwaji. Gunduwoyin nan goma sha huɗu suka jeru wata kan wata, rabin sunan shago a nan, rabi a can, kamar an yanka tsire. Sabon kuwa ya zubo a jere: suna, mahaɗai, kaya, farashi, lambar waya. Ba kyau ne da shi ba, amma ana karantawa. A nan na gane cewa jerin da ka bi wajen rubuta HTML shi ne ainihin shafin, domin shi ke saura in an tuɓe masa ado. Ethan Marcotte ya raɗa wa salon shafi mai bin girman allo suna a 2010, kuma abu ne da ba ya yiwuwa cikin sauƙi ga wanda ya kulle kayansa a gidajen tebur masu ƙayyadadden faɗi.

Yau yaran da nake koya wa aiki ba su san wannan wahala ba. CSS ta samu sabbin hanyoyin jera akwatuna: Flexbox na nan, Grid ya shiga Chrome da Firefox da Safari a Maris ɗin 2017, ginshiƙi biyun da suka hana ni barci layi uku ne yanzu. Microsoft ta yi ritayar Internet Explorer a ranar 15 ga Yunin 2022. Sai dai tebur na ado bai mutu ba, ya koma wasiƙun imel. Tun Outlook 2007 injin Word ne ke nuna saƙo a tsohon samfurin wannan manhajar imel na Windows, kuma bai san float da kyau ba balle Grid, don haka duk wanda zai tsara wasiƙar talla mai ginshiƙai yakan koma tebur cikin tebur. Bara na yi wa wata makaranta irin wannan, hannuna ya tuna komai, har da sifilin nan na kaurin layi.

Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa, ɗansa ne ke riƙe da shagon, kuma cinikinsa yanzu rabi a WhatsApp ne. Shafin na nan dai. A aljihun teburina akwai wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da ƙaramin allo, da layin da nake sa wa data kaɗan da gangan. Makon jiya wani yarona ya gama shafin wani mai sayar da albasa, ya juyo mini da babban allonsa yana cewa, "Malam, ku duba, ya yi?" Na jawo aljihun na miƙa masa wayar, na ce ya fita waje inda sabis ke rawa ya buɗe, ya karanto mini farashin buhu.