Cefanen da babu gyara

Kwana uku da saukata Hamburg ta ƙasar Jamus maigida ya ja ni kantin Aldi na unguwarmu, wai in fara sanin hanyar cefane. Na miƙe wajen shinkafa ina waige-waigen inda suka jibge buhuna. Babu buhu. 'Yan ledoji ne jere a kan kanta, wata giram 500, wata kilo ɗaya. Na ɗauki ɗaya na jinjina a tafin hannu na ce, "Baban Amira, wannan ta ɗanɗano ce ko ta sayarwa?" Ya yi dariya har wata tsohuwa ta waiwayo. Ni da na tashi a Kano, a gidan da ake sauke buhu mai kilo 50 a sito, kullum a ɗebi kwano a zuba a tukunya, ban ga yadda za a yi wannan 'yar ledar ta kai mu magariba ba.

Komai haka yake. Tattasai guda uku a leda, ja da rawaya da kore. Ƙwai shida ko goma. Kankana an yanka ta huɗu an naɗe kowane yanki daban. Da farko na ɗauka rowa ce, sai daga baya na gane lissafinsu: fiye da rabin gidajen Hamburg mutum ɗaya ne ke zaune a ciki. Wa zai ci masa kankana sukutum? Ga firjin ƙarami, ga matakalar bene hawa uku da za ka hau da kayanka a hannu. Sannan baƙo ba ya faɗowa haka kawai, sai an sa rana an sa lokaci. Mu kuwa da rabon wanda bai zo ba muke ɗora tukunya. Na fi wata biyu ina dafa abin da zai ishi mutum takwas, mu uku a gida, har maigida ya ce ya gaji da ɗumame.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin ciniki. Babu "nawa kashi?", babu "albarka", babu "to Hajiya, kawo kuɗin". Farashi na manne, mai karɓar kuɗi na wurgo kaya da gudu kamar ana korarta, kai kuma kana ta kiciniyar cusawa a jakar da ka zo da ita daga gida, don ta kanti sai ka saya. Gyara kuwa ko a mafarki. Sauran dokokin na koye su da wuri: a sa tsabar yuro ɗaya kafin keken cefane ya saku, a mayar da robar ruwa a karɓi santi 25, kuma ranar Lahadi kantuna a rufe suke. Wannan ta ƙarshen da miya marar albasa na koye ta.

Sai maganar Bio. Na lura karas iri biyu ne a jere, kamarsu ɗaya, amma mai tambarin koren ganye da taurari ya fi tsada. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, wata dattijuwa da ke zaune ita kaɗai, ita ta yi mini bayani da Jamusanci a hankali tana haɗawa da hannu: an noma shi babu takin zamani, babu feshin maganin ƙwari na kamfani. Na ce a raina, ashe abin da kakana yake yi da kashin shanu da tokar murhu shi ne ake biya wa kuɗi haka? Ta kuma nuna mini lambar da ke buge a jikin kowane ƙwai. In ta fara da 0, Bio ne. In 1 ce, kazar tana fita waje ta yi kiwo. In 2 ce, a cikin ɗaki take yawo, 3 kuma ta keji ce. Wato dai kazar Hausa da ta gidan gona, sai dai su sun ba abin lamba.

Na daɗe ina cika baki cewa mu a gida komai namu Bio ne, har ranar da maigida ya tuna mini cewa tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa a ajiya. Na yi shiru, don na san warin fiya-fiya a buhun wake, na kuma san yadda wasu ke nunar da ayaba da kabaid. Yanzu ƙwai da karas ɗin Amira nakan ɗauki na Bio. Sauran, aljihu ke yanke hukunci.

Mangwaro ne ya sa ni ƙwalla. Na sayi guda ɗaya daga Peru, ƙato, jajir, sumul babu tabo. Na ajiye shi kwana biyar yana nan kamar dutse, da na yanka kuma babu ƙamshi, babu zaƙin kirki. Na tuna watan Afrilu a kasuwar 'Yan Lemo, binta suga a kwando, ƙudaje na bi, ruwansa na gangarowa har gwiwar hannu. Da na ba Umma labari a waya ta ce, "Ke ma dai, wa ya aike ki neman mangwaro a garin ƙanƙara? Ki ci abin da ƙasarsu ta haifa mana."

Na bi maganarta. A watan Yuni ake samun strawberry nasu na gida, wanda ƙamshinsa ke tarar ka tun daga nesa, ba irin na hunturu da cikinsa fari ba. Da kaka kuma muka tsallaka kogin Elbe zuwa Altes Land, inda gonakin tuffa suke iya ganinka. A nan na fara sanin tuffa suna suka tara: Elstar mai zaƙi da ɗan tsami, Boskoop mai tsamin da sai an gasa. Kilo biyar muka ɗauko, karon farko da na ga Bajamushe yana sayen abu da yawa ba ya jin kunya.

Babban cefane kuwa titin Steindamm nake zuwa, bayan babbar tashar jirgin ƙasa, wajen Turkawa da Larabawa. Can akwai shinkafa mai kilo 10, da ragar albasa, da naman halal. Attaruhu da kuɓewa da manja sai shagunan 'yan Ghana, waɗanda suke da yawa a garin nan.

Wata Lahadi da asuba muka je Fischmarkt a bakin ruwa, kasuwar da ke ci tun 1703, wadda kafin ƙarfe goma ta watse. Wani mai kayan marmari yana tsaye a bayan mota yana ihu, yana loda kwando: abarba, ayaba, lemo, inibi, ya ƙara, ya sake ƙarawa, kuɗin bai canza ba. Na damƙi hannun maigida na ce, "Ga gyara!" Da ƙyar muka hau da kwandon bene. Na cika faranti na kai wa dattijuwar ƙasa. Ta yi godiya sosai, ta duba, ta zaɓi ayaba ɗaya da lemo ɗaya, ta miƙo mini sauran.