Asabar a Cultural Centre, Kumasi

Yau Asabar a Cultural Centre, cibiyar al'adu ta Kumasi, masu kiɗan kete (kiɗan gargajiya na mutanen Asante) na ta kaɗa gangunansu, amma rumfar maƙeran tagulla ce ta tsayar da mutane. Wani dattijo ya ɗauki dunƙulen yumɓu da ya huce, ya ƙwanƙwasa da guduma, sai ga ɗan kada na tagulla, irin wanda Asante ke auna garin zinariya da shi a da. Da kakin zuma ake fara siffanta shi, a shafe da ruwan yumɓu mai garin gawayi, a bari ya bushe, a sake shafawa, sannan a lulluɓe da yumɓu mai kauri. Wuta ta narkar da kakin, narkakkiyar tagulla ta maye gurbinsa. In yumɓun bai bushe sosai ba ya tsage a wuta, aikin ya tashi a banza. Kuma dole a fasa mazubin, shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya.

Ana cin waakye (shinkafa da wake) da shito (miyar barkono) ma hirar kadan tagullar nan ake yi. In ka ga wahalar aikin nan, gaskiya in za ka saya, taya wa dattijon nan rabin kuɗi bai dace ba.