24 ga Disamba: Jajiberin Kirsimeti da rabon kayan gwauraye

Yau tun safe zumuntar mata da matasa suna ɗakin ajiya na coci ana ɗaure kayan da za a kai wa gwauraye, marayu da 'yan gudun hijira. Kafin a fara, a ɗan gajeren ibadar safe, aka karanta Zabura 23, aka kuma tuna da jajiberin Kirsimeti na 1914.

Yaƙin Duniya na Ɗaya bai cika wata biyar ba a lokacin. Fafaroma Benedict na 15 ya roƙi shugabanni su dakatar da wuta don bikin, suka yi kunnen uwar shegu. Amma a fagen daga na Beljiyam da arewacin Faransa, sojojin Jamus suka kunna kyandir a bakin ramukansu suna rera waƙoƙin Kirsimeti, na Birtaniya suka amsa. Washegari mutane suka fito tsakanin ramuka biyu, suka yi musayar taba da abinci, suka binne gawarwakin da suka daɗe a fili. A kusa da ƙauyen Fleurbaix a arewacin Faransa an yi jana'iza tare, an karanta wannan Zabura da Turanci da Jamusanci. Ba ko'ina aka yi hakan ba, kuma a 1915 manyan hafsoshi sun hana a maimaita.

Abin da ya fi shafar aikinmu shi ne akwatin kyautar Gimbiya Mary, 'yar Sarki George na 5, mai shekara 17. Ta buɗe asusu a Oktoban 1914 don a aika wa kowane soja ƙaramin akwatin tagulla. Ba kaya iri ɗaya aka zuba ba. Masu shan taba sun samu taba, waɗanda ba sa sha sun samu alewa da abin rubutu, sojojin Indiya kuwa an sa musu kayan yaji da alewa bisa al'adarsu. An fara tambayar wa zai karɓa kafin a cika akwati. Nan ne yawancin rabon coci yake tuntuɓe.

Shi ya sa aka fara da rubuta gidaje, da adadin bakunan kowane gida, ba sunan mutum ɗaya ba. Gwauruwa mai 'ya'ya bakwai ba za ta samu daidai da tsohon da ke zaune shi kaɗai ba. Buhun shinkafa mai kilo 50 yana isar gida goma a kilo biyar-biyar. Gida mai yawa a ninka. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 ana juye ta a gorunan lita ɗaya, a sa leda a baki kafin a murɗa marfi, in ba haka ba man zai tsiyaye cikin buhu. Sabulu da omo su zauna a ledarsu daban, domin shinkafa da garin masara suna ɗaukar warinsu, tuwon kuma ba ya ciyuwa. Wake kuwa a duba shi da kyau: wanda aka saya tun kaka aka bari a buhun da iska ke shiga, sai ka buɗe ka tarar ƙwari sun huda shi. A shanya a rana, a bushe, a ɗaure tam.

Da sanyin hunturun nan, bargo ya fi atamfa amfani ga wanda ke kwana a aji ko ƙarƙashin tanti. Tsofaffin tufafin da aka kawo, duk wanda ya yage an ware shi. Ba wurin zubar da shara ba ne.

Rabon kansa ba a gaban coci za a yi ba. Layi da ɗaukar hoto suna tozarta mutum, kuma masu ƙarfi ne ke turewa su shiga gaba, a bar marasa ƙarfi a baya, kamar ƙorafin da ya taso a Ayyukan Manzanni 6 cewa ana ƙyale wasu gwauraye a rabon yau da kullum, har aka zaɓi mutum bakwai su lura da rabon. Mutum biyu-biyu ne za su kai kaya gida, ɗaya yana riƙe da takardar sunaye. Cikin jerin akwai gidajen maƙwabta Musulmi, su ma an tambaye su abin da suke buƙata. Kaji dai za a kai musu da rai, su yanka da kansu.

Kayan da suka rage an ƙirga su an rubuta, dattawa biyu suka sa hannu, aka kulle ɗakin. Gobe bayan sujada za a kai na ƙauyuka.